Abin da Na Rufe da Tampol

Ranar Litinin ce, ta ƙarshe a watan Oktoba. Da sassafe aka yi ɗan yayyafi irin na bankwana, wanda ba ya jiƙa ƙasa sai dai ya tayar da ƙamshinta. Kafin ƙarfe takwas hadarin ya koma ta wajen duwatsun Kagoro, rana ta fito fes. A ranar na turo motar babana daga gindin mangwaro zuwa kan daɓen siminti na tsakar gidanmu a Takau, nan Kafanchan. Da na san abin da zai biyo baya, da na bar kaji sun ci gaba da yin ƙwai a cikinta.

Sunana Yafet, shekarata ashirin da shida. Ku da kuke karanta wannan a waya, don Allah kada kowa ya rubuto mini "ka yi haƙuri" a ƙasa. Tun ranar Juma'a ake ba ni haƙuri, na ƙoshi. Ku dai ku saurara.

Motar Fijo ce 504, fara, ta girme ni nesa ba kusa ba. Babana, Malam Boaz, malamin firamare ne, kuma manomin citta kamar kowa a nan. Shekara ashirin babu amaryar da aka yi a unguwarmu da ba motar nan ta kai ta coci ba. Ranar Asabar a ɗaura mata furanni, ranar Litinin a loda mata buhunan taki. Da ya rasu shekara shida da suka wuce, aka tura ta gindin mangwaro, kowa ya manta da ita sai masu sayen tsohon ƙarfe da ke leƙowa suna tambayar Mama.

Yemima ce ta sa na tuna da ita. Ko in ce babanta.

Yemima malama ce a wata makarantar yara a unguwarsu, Garaje, tana cikin mawaƙan cocinmu. Shekara uku muna tare. Tana da wushirya, kuma in ranta ya ɓaci ba ta ɗaga murya, sai ta kira cikakken sunana a hankali, ni kuwa gabana ya faɗi. Babanta Baba Silvanus ne, amma duk Kafanchan Baba Reluwe ake ce masa, don shekara talatin ya yi yana gyaran taragon jirgin ƙasa. Ran da na je neman izinin turo manyana gaisuwa, yana zaune a kujerar roba yana shafa wa sarƙar kekensa mai. Na durƙusa. Bai ce in tashi ba.

"Makaranta, aji nawa ka tsaya?"

"Aji biyar, Baba."

"Walda wajen Tagwai?"

"Wata takwas."

"Acaɓa?"

Na sosa ƙeya.

"Kajin da ka fara kiwo fa?"

"Cuta ce ta shiga, Baba."

"Ban ce kai mugun yaro ba ne. Na san babanka. Amma faɗa mini abu ɗaya da ka fara ka kai ƙarshensa. Ɗaya kawai. Aure ba a barinsa a aji biyar."

Jama'a, na ji zafi har cikin kunnena. Yemima tana bayan labule, ina ganin yatsun ƙafarta. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Zan tayar da motar babana. A cikinta zan kawo manyana."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni.

"Motar Malam Boaz ce ta ɗauko uwar yarinyar nan zuwa coci. To, na ji. Asabar ta huɗu daga yau. In ta shigo ƙofar gidan nan da ƙafafunta, na karɓi gaisuwarku. In ba ta zo ba, kada ka wahalar da tsofaffi."

Kafin in kai bakin titi saƙon Yemima ya shigo: "Yafet Boaz. Wa ya aike ka?" Na rubuta: "Ki sa ido kawai." Ta turo hoton fuska mai kuka, sannan ta ƙara: "Abeg, ka gama wannan ɗin."

Mama ba ta so ba. Daɓen nan babana ya yi shi don shanyar citta, shi kaɗai ne wuri mai laushi da daidaito a gidan. Tun shekarar da cuta ta cinye cittar mutane ba ta sami gona mai kyau ba sai bana.

"Na ba ka aro," in ji ta, tana ɗaura zaninta na Zumuntar Matan coci. "Amma ran da aka haƙo citta, ko Fasto ne a kan daɓen nan zai sauka."

"Kafin nan na gama, Mama."

"Haka ka ce a kan kaji."

Injin bai ba ni wahala ba, abin mamaki. Na wanke tanki, na canja mai da fulogi, na aro batir. Ranar Asabar ta farko ta yi tari sau uku ta kama. Na ɗauki ƙarar a waya na tura wa Yemima. Ta ce ta kunna wa babanta, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Muryarta ce." Ranar na yi tafiya a unguwa kamar ni na ƙera ta.

Washegari na sa ƙafa zan shiga, ƙafata ta burma.

Kun san dogon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofofin mota, wanda ake tsallakewa in za a shiga? Masu gyara suna ce masa ronin bod, ni dokin ƙofa nake ce masa. Daga waje fari tas. Na sa sukudireba na danna, ta shige kamar cikin dafaffen rogo. Na bi shi daga tayar gaba har ta baya, hagu da dama, duk tsatsa ce fenti ya riƙe. Takin da babana ya yi ta ɗauka ya ci ta ciki, damina shida a gindin mangwaro ta ci ta waje. Da na buga da guduma sai da jar ƙasa ta cika kwano biyu, har da sheƙar ɓera da wani ɗan kunne guda, na wata amarya da Allah kaɗai ya san ko wace ce.

Dole na je wajen Oga Tagwai, mai gyaran jikin mota a hanyar Kagoro, mutumin da na gudu daga shagonsa ba sallama. Gajere ne, hannunsa duk tabon wuta. Ya gan ni ya ci gaba da bugun ƙarfensa.

"A'a, injiniya! Ka zo karɓar satifiket?"

Na nuna masa hotuna. Da ya ga motar sai fuskarsa ta canja, don shi ma ita ta ɗauko matarsa. Kwana uku ya yi yana lanƙwasa mini sababbin dokin ƙofa guda biyu daga farantin ƙarfe mai kauri. Da zai ba ni ya riƙe gefe ɗaya, bai saki ba.

"Ka buɗe kunnenka. Motan nan ba tifa ba ne, ba shi da shasi dabam. Jikinshi ne yake riƙe kanshi, wannan ƙarfen kuma shi ne ƙashin baya. Na ɗaya, kafin ka yanka komai, ka yi waldan ƙarfe a gicciye a bakin kowane ƙofa. Na biyu, ka bar ƙofofi a jiki, su ne za su gaya maka in ya fara karkacewa. Na uku, gefe ɗaya. Ka yanka hagu, ka gama hagu, ka kwana, sannan ka taɓa dama. Maimaita."

"Gefe ɗaya, Oga."

"Na san ka. Jikinka yana ƙaiƙayi. Gefe ɗaya!"

Na ɗora motar a kan bulo da katako, wuri shida, na cire tayoyi da kujeru. Ƙofofin suna tare mini hanya, sai na ce bari in cire su, ai na san inda kowace take. Wannan doka ta biyu ke nan ta tafi, ban ko ji komai ba.

Injin waldana na lantarki ne, wanda na haɗa da hannuna tun ina shago. Shi da giranda, injin yankan ƙarfe, duk sai da wuta. Ku da kuke zaune a garin nan ba sai na yi muku bayani ba. In wuta ta zo, mai guga ya kama guga, mai niƙa ya kama niƙa, kowa ya jona waya, ana yi ana kallon ƙwan fitila. Ba ka yin abu ɗaya, komai kake yi a lokaci guda, don ba ka san minti nawa aka ba ka ba. Haka muka tashi.

Kwana uku babu wuta. Ina zaune ina kallon mota, ina kallon kalanda. Ranar Talata, saura kwana goma sha ɗaya, ƙarfe goma na safe, na ji unguwa ta ɗauki ihu. Wuta ta zo, kuma da ƙarfinta.

Na ɗauki giranda. Ƙarfen gicciye? Na ce wannan zai ci mini awa guda, bari in fara yanka tukuna, ai tana kan bulo, ina za ta je? Cikin awa ɗaya dokin ƙofar hagu ya faɗo ƙasa. Na tsaya ina haki, tartsatsi ya ƙona mini riga, ƙwan fitila yana nan yana haske. Sai wata murya a cikin kaina ta ce: Yafet, giranda tana hannunka, ka riga ka yi datti. Yanke dama ma, da rana ka zauna ka yi walda gaba ɗaya. Na ji muryar Oga Tagwai ma, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma tasa daga nesa take.

Ƙarfe ɗaya da minti ashirin na dama ya faɗo. Na je na sha ruwa. Na jona injin walda, na sa gilashin ido, na ɗauki sandar farko. Sai na ji "dum!" daga bakin layi, tsuntsaye suka watse. Transfomar unguwa ta ƙone.

Na daɗe a tsugune da sandar a hannu.

Abin da ya kamata in yi, na sani: in hau mashin in tafi wajen Oga Tagwai, don yana da tukwanen gas na walda da ba ruwansu da lantarki. Amma sai in ce masa me? Dokoki uku ya ba ni, na karya ukun cikin mako guda. Na ce bari in jira, gobe za a gyara transfoma, in yi waldata, babu wanda zai sani. Na shiga ɗakin ajiya na ɗauko babban tampol ɗin Mama, shuɗi, na lulluɓe motar har ƙasa, na danne gefuna da duwatsu.

"Lafiya ka rufe ta?" in ji Mama da ta dawo daga gona.

"Na gama aikin ƙarfe. Maganin tsatsa na shafa, ba ya son iska. Kada kowa ya buɗe, Mama, ko kaɗan. In aka buɗe ya lalace."

"To, Allah mun gode. Saura me?"

"Tayoyi da ƙofofi kawai."

Ta yi murmushin da na daɗe ban gani ba, ta ƙara mini nama a gwate. Na ci. Wannan naman har yau yana tsaye a wuyana.

Gobe ta zo, babu wuta. Jibi babu. Na gwada janaretan maƙwabcinmu, na taɓa sanda sau ɗaya ya yi kuka ya mutu, matarsa ta rako ni da harara har ƙofa. Kullum da safe Yemima: "Yaya motarmu?" Ni kuma: "Tana shan kwalliya." Tela ya kawo kayana na gaisuwa, shadda ruwan toka da aiki a wuya, na rataye a bayan ƙofa ina kallo kamar na wani.

Ranar Lahadi bayan sujadar coci Yemima ta biyo ni gida. Tana sanye da atamfa kore mai zanen ganye, ta naɗe rigar mawaƙa a hannu, takalminta mai tsini yana nutsewa a ƙasa. Ta gaida Mama har ƙasa, sannan ta nufi tampol.

"Bari in leƙa."

Na tare gabanta. "Haba, amarya ba ta ganin motarta kafin rana."

"Kaɗan fa."

"Magani zai lalace."

Ta dube ni, ta daɗe. "Yafet, ka gama da gaske?"

Jama'a, a nan ne. Babu kowa kusa, Mama tana madafa. Da na ce a'a, da ta kira cikakken sunana, da ta ja ni da kanta zuwa shagon Oga Tagwai a ranar. Amma ta tsaya tana kallona da idon nan da ke cewa, don Allah ka ce e.

"Na gama."

Ta sauke numfashi. Da yamma ta rubuto: "Baba ya tambaya. Na ce na gani da idona, saura tayoyi. Ya ce Mamata ta sayo kaji biyu na tarbarku." Da jan hoton zuciya guda uku.

Litinin, Talata, Laraba. Babu wuta. Ranar Alhamis, saura kwana biyu, na farka na ga ba ni da sauran dabara. Mama ta fita tun duku-duku, don ranar ce gayyar haƙar cittarta. Ƙaninta Kawu Kambai ya tara mazan dangi da na unguwa, ita kuma da mata sun dafa shinkafa da kunu sun kai gona. Na san da gayyar. Na ɗauka sai yamma za su dawo, kuma a soro za a jibge buhuna. Na tafi hanyar Kagoro.

Oga Tagwai ya saurare ni, guduma a hannu.

"Ka sa ƙarfen gicciye?"

"A'a."

"Ƙofofi?"

"Na cire."

"Hagu ka yanka ko dama?"

Na dubi ƙasa.

"Yesu Mai Ceto! Duka biyu? Kwana tara yana tsaye ba ƙashin baya, kai kana yawo da kai a wuya?" Ya zage ni da Hausa, ya zage ni da Turanci, ya koma yarensu. Yana zagi yana kwance tukwanen gas. "In dai yana nan yadda ka ajiye shi a kan bulo, za mu iya. Mu ɗaure zare, mu gwada, mu kama. Yau da gobe ya isa. Amma ko kaza kada ya hau kai!"

Na ji kamar in rungume shi. Muka loda tukwane a keke mai ƙafa uku, na zauna a baya ina riƙe da su. Har na fara rubuta wa Yemima wani saƙo mai daɗi.

Tun daga bakin layi na jiyo waƙa. Irin waƙar da maza ke yi in za su ɗaga jinkar rumbu, ɗaya ya bayar, saura su amsa, a kan amsar a ɗaga. Na ce a raina, gayya ta tashi da wuri. Sai muka karya kwana, na hango tsakar gidanmu.

Buhunan citta jibge a bakin ƙofa. Mata zaune da wuƙaƙe sun fara tsagawa. A tsakiya kuma, motar babana tana tafiya a sama, lulluɓe da shuɗin tampol, a kan kafaɗun maza goma sha shida. Sun zura gungume biyu ta gaba, biyu ta baya. Tsakiya babu komai. Kawu Kambai yana gaba yana ba da waƙa, hularsa a karkace.

Na diro tun keke bai tsaya ba.

"Ku tsaya! Kawu! Ku tsaya!"

Na gaba suka ji, suka tsaya cak. Na baya ba su ji ba, suka ƙara taku biyu.

Ba ƙara mai yawa ba ce. Kamar ka taka gwangwanin madara. Sai tampol ya lotsa a tsakiya, sannan wani "tas" siriri ya biyo baya. Waƙa ta mutu. Suka sauke ta a gindin mangwaro, daidai inda na ɗauko ta.

"Wa ya ce ku taɓa?" Ban san ina ihu ba sai da na ga mata sun miƙe. "Wa ya sa ku?"

Kawu ya share gumi. "Kai, yaro, da wa kake magana? Citta ya zo, daɓe yana ƙarƙashin mota. Mun ɗaga jinka da ya fi wannan nauyi, ko kara ɗaya bai karye ba. Na ce a buɗe a ga inda za a kama, uwarka ta ce ka hana. Mun bi dokanka. Ko ɗaga gefe ba mu yi ba."

Oga Tagwai ya je ya yaye tampol gaba ɗaya.

Kowa ya gani. Gefe biyu a buɗe kamar bakin da aka cire wa haƙora. Cikinta ya sauka har yana kusan taɓa ƙasa. Rufin ya tattare a tsakiya. Gilashin gaba, wanda ya zo da ita tun daga farko, mai ɗan rubutun da babana ya manna na Zabura ashirin da uku, ya tsage daga sama har ƙasa. Oga Tagwai ya ɗauko ƙofar direba ya kara. Ta sama ta hau kan ƙarfe, ta ƙasa yatsunsa uku suka shige.

"Oga," na ce, muryata kamar ba tawa ba, "zuwa Asabar fa?"

"Ko Kirsimeti ban yi maka alkawari ba."

Mama tana tsaye da wuƙa a hannu ɗaya, citta a ɗayan. Na jira ta yi faɗa. Da ta yi, da na ji sauƙi.

"Ni na ce su ɗauka," ta ce a hankali. "Na ce musu ɗana ya gama. Har na faɗa a Zumunta, aka yi mini tafi." Ta koma ta zauna ta ci gaba da tsaga citta. Sauran matan ma suka zauna. Babu wadda ta sake kallona.

A Kafanchan labari ba ya jiran mota. Maza goma sha shida sun gani, da matansu. Ban kira Yemima ba. Na rubuta, na goge, na rubuta, na goge. Ita ma ba ta rubuto ba, wannan ya fi komai tsorata ni.

Juma'a ƙarfe tara na safe na ji ƙararrawar keke. Baba Reluwe ne, da tsohuwar rigar aikinsa mai aljihu huɗu. Yemima tana bayansa a ƙafa, da kayan makaranta, farar riga da baƙin siket, ko hoda babu a fuskarta. Tsakar gida duk citta ce a shanye, ƙamshinta har yana sa ido hawaye, sai da suka raɓa ta gefe. Kawu Kambai ya zo tun da wuri, ina jin bai yi barci ba shi ma. Bayan gaisuwa ya cire hula.

"Baba, laifinmu ne. Yaron ya yi ƙoƙari. Mu ne muka ɗaga ba mu tambaye shi ba. A ƙara mishi lokaci."

Ga ƙofa Kawu ya buɗe mini. In na yi shiru kawai, shi ke nan. Kuma, Allah ya gafarta mini, shirun na yi.

Baba Reluwe ya jingine keke. Tsoho mai shekara saba'in, ya kwanta a ƙasa ya shiga ƙarƙashin motar. Ya shafa bakin inda na yanka, ya fito ya dubi yatsansa. Ja.

"Sabon yanka fari ne, yana ƙyalli," ya ce. "Wannan ya yi tsatsa. Ya kwana goma." Bai dube ni ba. 'Yarsa ya juya ya kalla. "Yemima. Ranar Lahadi me kika gani da idonki?"

Hawaye ya zubo mata. Yarinyar da duk Garaje ake cewa a yi koyi da ita, tana tsaye gaban babanta, gaban uwata, gaban kawuna, an kama ta da ƙarya.

"Ba ta ga komai ba, Baba," na ce. "Tampol ta gani. Ni na ce mata na gama. Ni na yanke gefe biyu, Oga ya hana ni. Kawu ba shi da laifi."

"Yanzu ka faɗa."

"E, Baba."

Ya ciro ƙyalle ya goge yatsansa, a hankali, kamar yana da duk ranar.

"Na ga tarago ya faɗi ya naɗe kamar tabarma, muka miƙe shi ya koma kan layi. Ƙarfe ba ya ba ni tsoro. Da ka zo ranar da wuta ta ɗauke ka ce, Baba na yi ɓarna, da ni da kaina zan zo da zare da ma'auni, mu yi tare. Wata shida ma zan jira ka. Ban taɓa cewa kada ka yi kuskure ba." Ya nuna tampol da ke yashe a gefe. "Wancan ne ba zan iya ba. In abu ya lalace a gidanka, haka za ka rufe, ka ce wa 'yata kada ta leƙa?"

Na sunkuyar da kai.

Ya juya wajen Mama. "Maman Yafet, ki yi haƙuri. Gobe kada kowa ya zo."

"Sai yaushe, Baba?" in ji Kawu.

"Ban sa rana ba."

Ya ja kekensa. Yemima ta tsaya kamar za ta yi magana. Na matsa kusa. Na jira ta kira cikakken sunana, ko da a hankali ne, ko da sau ɗaya. Ba ta kira ba. Ta durƙusa ta yi wa Mama sallama, ta bi bayan babanta, tana taka gefen daɓe don kada ta taka citta.

Ƙarfe biyu na rana saƙonta ya shigo: "Ban taɓa yi wa Baba ƙarya ba sai a kanka. Na tambaye ka, ka kalli idona. Kada ka kira ni." Na kira. Ba ta ɗauka ba. Na rubuta mata abin da ya fi wannan da kuke karantawa tsawo. Ta buɗe, alamar ta nuna. Shiru.

Ƙarfe huɗu unguwa ta ɗauki ihu. An kawo wuta.

Yau Lahadi. Ban je sujada ba, don ba zan iya zama ina kallon layin mawaƙa ba. Jiya Asabar na wuni a gindin mangwaro ina juya ƙofar direba a hannu. Oga Tagwai bai aiko a ɗauki tukwanen gas ɗinsa ba, suna nan jingine da bango. Ban sani ba ko mantawa ya yi. Tampol kuwa Mama ta wanke ta shimfiɗa, ta baza sauran citta a kai.

Na zauna na ƙirga abin da ya tafi. Kwana ashirin da biyar na aiki. Gilashin gaba guda ɗaya, da rubutun babana a jiki. Rufi ɗaya. Ƙofofi huɗu da ba su da inda za su koma. Farcen babban yatsana na hagu, da aikin ya cire. Kaji biyu da aka saya a Garaje ba don a ci su haka kawai ba. Tafin da aka yi wa Mama a Zumunta. Asabar ɗaya. Maganar Yemima a wurin babanta, wadda ta shekara ashirin da huɗu ba ta da tabo. Da saƙo goma sha ɗaya da na tura, an karanta duka, ba a amsa ko ɗaya ba.